Amsoshin Tambayoyinku: Shaidar Baƙi Masu Sa Ido a Zaɓen Ƙasar da Ke Fama da Tayar da Ƙayar Baya

Wasiƙu uku ne suka haɗu a hannunmu a wannan karon a kan magana ɗaya, wato baƙin da ƙasashen waje suke turowa domin su sa ido a zaɓe, da kuma nauyin shaidarsu idan ƙasar da suka zo tana fama da masu ɗauke da makamai. Biyu daga Jigawa suka fito, ɗaya kuma daga karkarar Kano. Mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya ta farko: "Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Birniwa, dab da iyakarmu da Yobe. Na yi aikin zaɓe na wucin gadi a 2015 da 2019, kuma tun daga fitowar rana har muka ƙirga ƙuri'a da fitilar waya ban ga wani baƙo ya leƙo rumfarmu ba. Bayan kwana biyu sai na ji a rediyo cewa masu sa ido na ƙasashen waje sun yaba da zaɓen. Na kuma ji an ce ba su taka Borno da Yobe ba saboda tsoron Boko Haram. To, Malam, wanda bai je ba ina ya samo bakin yin shaida?"

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri bisa wannan aiki da ka yi, domin wanda ya zauna a gaban akwati a garin da ke kan iyakar Yobe a 2015 ya san cewa ba ƙaramin kasada ya ɗauka ba. Abin da ka ji gaskiya ne, aƙalla game da tawagar Tarayyar Turai ta wannan shekarar. Tawagar, wadda Santiago Fisas ɗan ƙasar Sifaniya ya jagoranta, ta bayyana da bakinta cewa ba za ta tura mutanenta shiyyar arewa maso gabas ba saboda dalilan tsaro, kuma ba ta ɓoye hakan a rubuce-rubucenta ba.

Ya kamata mu tuna halin da ake ciki a lokacin. A watan Agusta na 2014 Abubakar Shekau ya ayyana Gwoza a matsayin wani yanki na daularsa. A ranar 28 ga Nuwamba aka kai hari babban masallacin Juma'a na ƙofar gidan Sarkin Kano, inda fiye da mutum ɗari suka rasa rayukansu. A farkon Janairu na 2015 aka afka wa Baga. Ranar 7 ga Fabrairu, saura mako guda a kaɗa ƙuri'a, shugaban hukumar zaɓe na lokacin, Farfesa Attahiru Jega, ya sanar da ɗage zaɓen shugaban ƙasa daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, bayan shugabannin tsaro sun shaida wa hukumar zaɓe cewa ba za su iya ba da tabbacin kare ma'aikatanta ba alhali sojoji suna fagen fama. A cikin waɗannan makonni shida ne sojojin Najeriya, tare da na Chadi da Nijar da Kamaru, suka ƙwato garuruwa da dama, kuma sai a jajiberin zaɓe, 27 ga Maris, rundunar soja ta sanar da ƙwato Gwoza. Duk da haka an kai hare-hare a wasu yankunan Gombe da Borno a ranar zaɓen kanta.

Ba tsoro kawai ne yake hana baƙin zuwa irin waɗannan wurare ba, ko da yake tsoron ma yana da tushe. A ranar 20 ga Maris na 2014, 'yan Taliban sun shiga otal ɗin Serena da ke Kabul, babban birnin Afganistan, suka kashe mutum tara, ciki har da Luis María Duarte, wani ɗan ƙasar Faraguwai da ya je sa ido a zaɓen da za a yi ranar 5 ga Afrilu, lamarin da ya sa wasu ƙungiyoyi suka janye ma'aikatansu baƙi kafin ranar ta zo. Amma akwai dalili na biyu wanda a ganina ya fi na farko nauyi. Idan har baƙo zai shiga garin da ake yaƙi, to sai dai ya shiga cikin ayarin motocin soja, ya bi hanyar da aka share masa, ya tsaya inda aka ce ya tsaya. Talakan da ya ga mutum ya sauko daga motar soja, ga bindiga a gabansa ga bindiga a bayansa, ba zai buɗe baki ya gaya masa cewa an hana shi katinsa ko an cika akwati tun da asuba ba. Irin wannan ziyara takan haifar da shaidar da ta fi rashin zuwa haɗari, domin za a ce an je an gani, alhali abin da aka nuna kawai aka gani.

Game da rumfarku kuwa, ko da babu yaƙi ko kaɗan, da wuya ka gan su. A 2015 Najeriya tana da rumfunan zaɓe kusan 120,000, kuma a 2021 an ƙara su zuwa 176,846. Tawagar Tarayyar Turai, wadda take cikin mafi girma, mutanenta a ranar zaɓe ba su cika wuce ɗari da 'yan kai ba, kuma bibbiyu suke tafiya, da direba da tafinta, tare da umarnin su koma masauki kafin duhu ya yi. Kai malami ne, ka buga lissafin da kanka, za ka ga cewa 'yan ɗaruruwan rumfuna ne kawai za su iya kaiwa a yini guda, mafi yawansu kuma waɗanda ke bakin kwalta ne.

To, a kan me suke shaida? Yawancin aikinsu ba a ranar zaɓe suke yin sa ba. Akwai waɗanda suke isowa tun da sauran makonni, su zauna a manyan biranen jihohi, su karanta dokar zaɓe, su bi yadda ake raba katin zaɓe, su auna lokacin da gidajen rediyo da talabijin na gwamnati suke ba kowace jam'iyya, su saurari koke-koken 'yan takara, su bi shari'o'in zaɓen fidda gwani a kotu, sannan daga baya su zauna a cibiyoyin tattara sakamako. A kan waɗannan abubuwa shaidarsu tana da ƙarfi, domin sun gani da idonsu, kuma sun ga zaɓukan wasu ƙasashe da za su kwatanta da namu.

Amma ziyarar rumfuna, misalinta kamar mai sayen gero ne a kasuwar Gujungu. Ba zai zazzage buhu ɗari ba, zai zura hannu ne a 'yan kaɗan ya duba ƙwayar, kuma idan ya iya zaɓe, abin da ya gani zai gaya masa halin sauran. Sharaɗin kawai shi ne a bar shi ya taɓa duk buhun da ya ga dama. Idan aka ce masa buhu ashirin suna cikin wani ɗaki a kulle, to duk ƙwarewarsa ba shi da abin cewa a kan na cikin ɗakin. Yankin da ake yaƙi shi ne wannan ɗaki. Ba ina cewa an yi maguɗi a Borno ko Yobe ba ne. Abin da nake cewa shi ne, wurin da mutane suka watse, wakilan jam'iyyu suke tsoron zuwa, 'yan jarida ba sa kaiwa, shi ne wurin da ya fi buƙatar shaida, kuma shi ne wurin da shaidar baƙo ba ta kaiwa.

Su kansu sun san da haka. Akwai wata takardar ƙa'idojin sa ido a zaɓe da manyan ƙungiyoyin wannan aiki suka amince da ita a hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba na 2005, wadda ta shimfiɗa cewa dole ƙasar da ta gayyato su ta bar su su yi zirga-zirga ba tare da takura ba, kuma kada su je inda zuwansu zai zama tamkar wanke zaɓen da kowa ya san ba na gaskiya ba ne. Inda matsalar take shi ne a tsakanin rahoto da kunnen mai sauraro. Bayanin da ka ji a rediyo bayan kwana biyu na wucin gadi ne, galibi ana fitar da shi ne tun kafin a gama tattara sakamako, kuma mai karanta labarai yakan ɗauki jimla ɗaya ta yabo ya bar sharuɗɗan da suka biyo ta. Cikakken rahoton yana fitowa ne bayan watanni, lokacin da an riga an rantsar da masu nasara, hankalin jama'a kuma ya koma gona. Na zaɓen 25 ga Fabrairu na 2023, alal misali, sai a ƙarshen watan Yuni Tarayyar Turai ta fitar da shi.

Masu iya shiga ɗakin nan da ke kulle 'yan gida ne. A 2015 gamayyar ƙungiyoyi ta TMG, a 2019 da 2023 kuma ƙungiyar sa ido ta Yiaga Africa, sun yi amfani da wata dabara ta ƙididdiga inda ake zaɓo rumfuna wajen 1,500 a faɗin ƙananan hukumomi 774, a ajiye 'yan asalin wurin su wuni a rumfa ɗaya tun daga buɗewa har zuwa ƙirga, sannan su aika da sakamakon ta saƙon waya. Da wannan hanya ce Yiaga ta bayyana a 2023 cewa alƙaluman da aka sanar na zaɓen shugaban ƙasa a jihohin Ribas da Imo ba su yi daidai da abin da mutanenta suka gani a rumfuna ba. Babu tawagar baƙi da za ta iya faɗin haka da irin wannan hujja.

Tambaya ta biyu: "Jikana ne ya rubuta mini wannan. Shekara da shekaru muna zaune a Baga, maigidana yana harkar kifi, har ranar da muka gudo da ƙafa a 2015. Yanzu ina zaune wajen danginsa a wani ƙauye kusa da Haɗeja. Katina na can ya ɓata a gudun, kuma tun daga lokacin ban sake yin zaɓe ba. Su waɗannan masu sa ido, suna lissafawa da irinmu kuwa? Kuma ya halatta a yi zaɓe alhali garin mutum babu kowa a cikinsa?"

Amsa: Inna, Allah ya jiƙan waɗanda aka rasa, ya ba ki haƙuri, ya kuma mayar da alheri. Tambayarki ita ce ta fi taɓa ni a cikin ukun nan, domin kin sa yatsa a kan wani giɓi da ba ya fitowa a ranar zaɓe. Mai sa ido yana duba wanda ya zo layi ne: an tantance shi ko ba a tantance shi ba, ya dangwala a ɓoye ko a bainar jama'a, an ƙirga ƙuri'arsa ko an jefar. Wanda bai samu zuwa layin ba sam, kamar ke, ba ya cikin abin da ido zai gani a rumfa, sai dai a ambace shi a wani sakin layi na babban rahoto.

A 2015 hukumar zaɓe ta yi tanadin cibiyoyi na musamman domin 'yan gudun hijira a Borno da Yobe da Adamawa, inda aka kwaso rumfunan ƙananan hukumomin da ba a iya shiga aka kafa su a wurare irin su Maiduguri. Wannan tanadi ya amfani waɗanda suka tsaya a cikin jiharsu ne, kuma suna riƙe da katinsu. Waɗanda suka tsallako Jigawa da Kano da Bauchi, ko suka haye Nijar da Chadi da Kamaru, suka ɓace a cikin gidajen 'yan'uwa maimakon sansani, su ne suka fi yin asarar ƙuri'arsu. Dokar Zaɓe ta 2022 ta ɗora wa hukumar nauyin tabbatar da cewa, gwargwadon iko, ba a tauye wa waɗanda bala'i ya raba da muhallinsu haƙƙin zaɓe ba. Saboda haka haƙƙinki yana nan. Idan aka buɗe rajistar masu zaɓe, jikanki ya raka ki ofishin hukumar zaɓe na ƙaramar hukumar da kike zaune, ki nemi a sauya miki katin da ya ɓata, a kuma dawo da rajistarki rumfar da ta fi kusa da ke. Kada ki yi sabuwar rajista a kan tsohuwar, domin na'ura tana gano wanda ya yi sau biyu.

Sashe na biyu na tambayarki ba mu kaɗai yake damu ba. A Mali an sace jagoran 'yan adawa Soumaïla Cissé a watan Maris na 2020 yana cikin yaƙin neman zaɓe, aka kuma yi zaɓen 'yan majalisa bayan 'yan kwanaki yana hannun waɗanda suka kama shi, ba a sake shi ba sai a watan Oktoba. A Burkina Faso an yi zaɓe a watan Nuwamba na wannan shekarar ba tare da ƙauyuka masu yawa na arewa da gabas ba. A Nijar, ranar 21 ga Fabrairu na 2021, ma'aikatan hukumar zaɓe bakwai sun rasu a jihar Tilaberi lokacin da motarsu ta taka nakiya. Kowace ƙasa daga cikinsu ta zaɓi ta yi zaɓen da giɓinsa. Kundin tsarin mulkin Najeriya ya ba Majalisar Tarayya damar tsawaita wa'adin shugaban ƙasa da wata shida-shida idan ƙasa tana cikin yaƙi kuma zaɓe ba zai yiwu ba, amma ni ina ganin alheri ne da ba a buɗe wannan ƙofa a 2015 ba, domin da an buɗe ta, da mai bindiga ne ya zama mai sa ranar zaɓe, mai mulki kuma ya samu dalilin da zai sa yaƙi ya yi masa daɗi. Sai dai wanda aka zaɓa ba tare da ke ba, ya sani cewa akwai bashinki a wuyansa, kuma ya dace duk rahoton masu sa ido ya sa wannan magana a shafin farko.

Tambaya ta uku: "Ni matashi ne, ina noman rani a yankin Ɗambatta. Tambayata gajeriya ce. Shin baƙin nan masu sa ido sun taɓa soke wani zaɓe? Idan ba za su iya ba, ba yawon buɗe ido suke zuwa yi da kare muradun ƙasashensu ba?"

Amsa: Ɗan'uwa, ba su taɓa sokewa ba, kuma ba su da ikon sokewa. Baƙi ne da hukumar zaɓe take gayyata ta ba su takardar izini, kuma ƙa'idarsu ta hana su ba malamin zaɓe umarni a rumfa, ko da sun ga kuskure. Soke zaɓe aikin kotu ne. Kana da hujja kuma idan ka yi shakkar hukuncinsu, domin a Kenya a 2017 manyan tawagogi, da suka haɗa da wadda tsohon sakataren harkokin wajen Amurka John Kerry yake cikin jagorancinta da ta Tarayyar Afirka ƙarƙashin tsohon shugaban Afirka ta Kudu Thabo Mbeki, sun yaba da yadda aka kaɗa ƙuri'a, amma ranar 1 ga Satumba Kotun Ƙolin ƙasar ta soke zaɓen saboda kura-kuran da aka tafka wajen aika sakamako. A nan gida, tawagar Tarayyar Turai ta bayyana ƙarara cewa a zaɓen cike giɓi na gwamnan Kano ranar 23 ga Maris na 2019 an ga gungun mutane ɗauke da makamai suna tsorata masu zaɓe, amma maganar ba ta sauya komai ba, Kotun Ƙoli ta tabbatar da sakamakon a Janairun 2020. A 2023 kuwa fadar shugaban ƙasa ta yi watsi da rahotonsu baki ɗaya.

Batun muradu ma ba zan musa maka ba. Ƙasar da ta biya kuɗin tawaga tana da abin da take so, kuma a ƙasar da ake yaƙi abin da baƙi suka fi tsoro shi ne rikicin bayan zaɓe ya haɗu da wanda ake ciki, wanda hakan yakan sa harshensu ya yi laushi fiye da yadda ya kamata.

Duk da haka ban yarda cewa zuwansu banza ba ne. A 2007 tawagar Tarayyar Turai ta ce zaɓen ya gaza cika ƙa'idojin da aka sani, masu sa ido na gida ma suka faɗi haka, har marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya amsa a jawabinsa na karɓar mulki cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu. Daga nan ya kafa kwamitin gyaran zaɓe ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, wanda Jega yake cikin mambobinsa kafin a naɗa shi shugaban hukumar a 2010. A 2015 kuma, da tunanin rikicin bayan zaɓen 2011 da ya ci fiye da mutum 800 yana nan ɗanye a zukatan mutane, Kofi Annan da Emeka Anyaoku, tsofaffin manyan sakatarorin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, sun halarci yarjejeniyar zaman lafiya da Jonathan da Buhari suka sa wa hannu a Abuja ranar 14 ga Janairu, Janar Abdulsalami Abubakar ya jagoranci kwamitin zaman lafiya da ya bi bayanta, kuma tsofaffin shugabanni irin su John Kufuor na Gana da Amos Sawyer na Laberiya da Bakili Muluzi na Malawi suna ƙasar a kan tawagogin ECOWAS da Tarayyar Afirka da ƙasashe renon Ingila lokacin da Jonathan ya kira Buhari a waya ya amsa shan kaye ranar 31 ga Maris. Ba su suka sa shi ya kira ba, amma kasancewar idon duniya a Abuja a wannan mako ya sa duk wanda yake tunanin ƙin amincewa da sakamako ya san tsadar abin da zai yi.

Tunda ka ce kai matashi ne, ga abin da ke hannunka wanda ba ya hannun kowane baƙo. Doka ta wajabta a ƙirga ƙuri'a a rumfar da aka kaɗa ta, a faɗi sakamako da babbar murya, a cike takardar sakamako mai suna EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu a ba kowa kwafinsa, a kuma liƙa sakamakon a wurin domin kowa ya gani. Idan zaɓe ya zo, ka kammala ban ruwanka da wuri, ka kaɗa ƙuri'arka, ka tsaya nesa kaɗan cikin natsuwa har a gama ƙirga, sannan ka ɗauki hoton abin da aka liƙa da wayarka ka adana. Idan kana son ka yi aikin da izini, ƙungiyoyin sa ido na cikin gida da hukumar ta amince da su sukan ɗauki 'yan asalin kowace ƙaramar hukuma su horar da su kafin zaɓe, kuma suna neman masu iya karatu da rubutu da aika saƙo ta waya.